BABI NA UKU: KOYON FATAUCI A ƘASAR KANO, DAGA AYARIN GWANJA ZUWA ZAMANIN GYAƊA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kafuwar kasuwanni a ƙasar Kano da irin hajojin da ake saye da sayarwa a cikinsu. Shi kuwa wannan babi zai dubi mutanen da ke riƙe da kasuwannin ne, wato za a yi ƙoƙarin gano yadda Bahaushe yake koyon fatauci tun yana yaro har ya kai ga cin gashin kansa. An ɗauki fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja a matsayin abin nazari saboda yana daga cikin fatauci mafi tsari a ƙarni na 19, kuma daga cikinsa ne manyan attajiran Kano na farkon ƙarni na 20 suka fito. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, a tsarin gargajiya jari shi ne abu na ƙarshe da ake miƙa wa mai koyo. Kafin a kai ga jari sai an koya masa sanin haja da hanya da mutane, kuma sai an jarraba amanarsa mataki-mataki. Haka nan za a nuna inda wannan tsari yake da rauni.

3.1 Asalin Fataucin Goro da Gidajen Fatake

Hulɗar ciniki tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, wadda a yau take arewacin ƙasar Gana, daɗaɗɗiya ce. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja. Bayan haka ne Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar fatake. Sai dai fataucin goro bai kai ganiyarsa ba sai a ƙarni na 19, bayan kafuwar Daular Sakkwato. Goro dai ba ya fitowa a Gwanja. A kurmin Asante ake noma shi, a kawo shi kasuwar Salaga, fatake su saya su yo arewa da shi. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shigowa birnin a shekara ya haura kayan jaki 500, kuma kayan jaki ɗaya, idan ya iso lafiya, yakan kai wuri 200,000.

Lovejoy (1980) ya nuna cewa rukunoni uku ne suka riƙe wannan fatauci, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga yankin Azbin yake, suka zauna a garuruwan karkarar Kano da Katsina, su kuwa Kambarin Barebari daga Borno suka fito, kuma cibiyarsu ita ce Gummi. Kowane rukuni yana da tsagarsa, kuma yawanci a tsakaninsu suke auratayya. Muhimmancin wannan ga mai koyo shi ne, yaron da aka haifa a irin waɗannan gidaje ya taso ne a cikin makarantar fatauci. Idan ya sauka a wani gari mai nisa, tsagar fuskarsa da sunan gidansu sun isa su sa a ba shi masauki, har ma a ba shi kaya bashi.

3.2 Matakan Koyo

Babu wani rubutaccen tsari da ya shimfiɗa matakan koyon fatauci, amma idan aka dubi yadda gidajen fatake suke tarbiyyar yaransu za a iya kasa su gida huɗu. Ya kamata a lura cewa kalmar "yaro" a bakin 'yan kasuwa ba ta da alaƙa da shekaru. Mutum yana iya yin gemu, har da mata da 'ya'ya, amma muddin a ƙarƙashin wani yake ciniki to yaronsa ne. Yaro kuwa yana iya zama ɗan cikin maigida, ko ɗan'uwansa, ko bawa, ko baƙon da ya zo neman ubangida.

3.2.1 Talla da Aike

Darasin farko a gida ake ɗaukar sa, kuma galibi a hannun uwa. Matar aure da ke kulle takan yi sana'arta a cikin gida, kamar su ƙosai da ƙuli-ƙuli da fura da kaɗi, ta ɗora wa yara talla. A nan yaro yake fara sanin ƙirgen kuɗi da ba da canji, da bambanci tsakanin uwar kuɗi da riba. A nan kuma yake sanin cewa idan ya dawo da kuɗi ba su cika ba akwai bayanin da zai yi. Hill (1972), a nazarinta na garin Batagarawa, ta nuna irin yawan cinikin hatsi da abinci da ake yi a cikin gidaje ta hannun yara ba tare da an je kasuwa ba. Tare da talla akwai aike. Yaron da aka aika ya dawo da wuri, ya kawo ragowar kuɗi ba tare da an tambaye shi ba, shi ne wanda manya suke sa wa ido. A daidai wannan lokaci yana zuwa makarantar allo, inda yake samun karatu da rubutun ajami da zai yi amfani da su nan gaba wajen rubuta bashi da aika wasiƙa.

3.2.2 Bin Ayari

Idan yaro ya tasa sai a haɗa shi da ayari. Ayarin Gwanja yana da shugabanni. Madugu shi ne babba, shi ke sasantawa da sarakunan kan hanya game da kuɗin fito da garama. Jagaba shi ke gaba, yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki shi ke tattara kuɗin da aka yanka wa kowa, malamin ayari kuma shi ke riƙe da lissafi da addu'a da zaɓen ranar tashi. Ayari yakan ratsa ta Yawuri da ƙasar Bargu da Sansanin Mango da Yandi kafin ya isa Salaga, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni da dama, wani lokaci har shekara. Kayan da ake tafiya da su sun haɗa da kanwa da tufafin saƙi da na rini da kayan fata da dabbobi.

Aikin yaro a tafiyarsa ta farko shi ne kora jakai da ɗora musu kaya da saukewa, da neman ruwa da ciyawa da itace a duk zangon da aka sauka. Ba a ba shi kuɗi ya riƙe ba, kuma ba a sa bakinsa a ciniki. Amma yana gani, yana ji. Yana ganin yadda ubangidansa yake tayi, da lokacin da yake cewa albarka, da lokacin da yake sallamawa. Yana koyon harsunan mutanen kan hanya. Mafi muhimmanci kuma yana koyon goro kansa. Goro haja ce mai saurin lalacewa. Dole a riƙa kwance huhu ana duba shi, ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, ana tsince wanda sankara ta kama tun bai shafi sauran ba. Dole yaro ya iya bambance nata da daushe, ya iya ware marsa daga minu, ya iya ƙirga ƙwarya, wato goro ɗari, cikin sauri ba kuskure. Wanda bai iya wannan ba, ko an ba shi dukiya mai yawa, ruɓaɓɓen goro zai kawo Kano.

3.2.3 Ɗan Ƙaramin Jari

Bayan tafiya biyu ko uku, idan maigida ya gamsu, yakan bar yaro ya ɗora ɗan ƙunshinsa a kan jakin gida, ya sayar ya riƙe ribar. Wannan ita ce jarrabawa ta gaske, domin maigida yana lura da abin da yaron zai yi da riba. Idan ya kashe ta a kan riga da shagali, an gane shi. Idan ya mayar da ita cikin uwar kuɗi, sai a ƙara masa. Daga nan akan kai ga ba shi kaya masu yawa ya tafi da su shi kaɗai, a raba riba. Wannan tsari yana da tushe a fiƙihun Malikiyya, inda ake kiran sa ƙiradi, kuma littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamai ya kawo hukuncinsa. A ƙiradi ɗaya ke kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, su raba riba bisa kason da suka amince tun farko. Idan aka yi hasara ba tare da sakaci ba, mai dukiya ne ke ɗaukar ta, shi kuma mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. To ga yaron da bai gaji komai ba, amanar da ya tara a idon maigida ita ce ruwan cikinsa.

3.2.4 Sallama

Mataki na ƙarshe shi ne sallama. A bisa al'ada maigida ne ke yi wa yaronsa auren fari, ya ba shi wurin zama, daga baya ya ba shi jari nasa na kansa. Sallama ba ta yanke zumunci. Wanda aka sallama yakan ci gaba da sarin kaya a wurin tsohon ubangidansa, yana kai masa gaisuwa, yana neman shawararsa. Shi ma bawa yana da tasa hanyar, domin ta hanyar murgu yakan yi cinikin kansa yana biyan ubangijinsa wani abu da aka yanka, har ya tara abin da zai fanshi kansa.

3.3 Maigida a Zango

Bafatake ba ya iya ciniki a baƙon gari sai da mai masauki, wanda ake kira maigida ko fatoma. Shi ke saukar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, kuma ya tsaya masa idan an sayar da kayansa bashi. Ladan wannan aiki shi ne la'ada. Adamu (1978) ya nuna yadda irin waɗannan zangogi na Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma. Shi kuwa Cohen (1969), wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, ya bayyana yadda ake sayar da shanu bashi ba tare da takarda ba, bisa lamunin maigida kawai. Idan mai saye ya ƙi biya, maigida ne zai biya baƙonsa. Saboda haka aikin yaran maigida shi ne su san kowane mahauci, da nawa ake bin sa, da yadda yake biya. Ke nan gidan maigida wata makaranta ce ta daban, inda darasin shi ne sanin wanda za a ba bashi da wanda za a hana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ɗan kasuwar da bai san wanda zai ba ba shi ne yake karyewa.

3.4 Alhassan Ɗantata a Matsayin Misali

Rayuwar Alhaji Alhassan Ɗantata ta nuna yadda wannan tsari yake aiki ko da an rasa dukiyar gado. An haife shi a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuma, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Mahaifin ya rasu Alhassan yana ƙarami, mahaifiyar ta koma Ankara, babban birnin Gana a yau, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samo laƙabinsa. Ya yi karatun allo a Bebeji, kuma an ruwaito cewa tun a lokacin yana ƙananan sana'o'i yana tara abin da ya samu a asusu. Yana ɗan saurayi ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa, ya tafi da 'yan kayan da ya saya a Bebeji yana sayarwa a hanya.

Yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya shafi Bebeji, har aka kama Alhassan, sai da aka kai ga fansa kafin ya kuɓuta. Ke nan ya fara fatauci da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da yake da shi shi ne sunan gidansu da sanin goro da sanin hanya. Da ya ga hanyar ƙasa tana mutuwa sai ya koma bin hanyar Ibadan da Ikko, kuma daga wajen 1906 ya riƙa ɗauko goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. A 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na Kamfanin Neja. A 1929 ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 a reshen Bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. 'Ya'yansa, musamman Alhaji Sanusi da Alhaji Aminu, a hannunsa suka koyi ciniki, kuma Alhaji Aliko Ɗangote, jikan Alhaji Sanusi, shi ma da rancen da ya samu a cikin dangi ya fara kasuwanci a ƙarshen shekarun 1970.

3.5 Sauye-sauye Bayan Zuwan Turawa

Abubuwa da dama ne suka kashe ayarin Gwanja. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya ragu a kasuwarta. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa garin. A 1903 Turawa suka ci Kano, kuma a 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso birnin, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Bugu da ƙari, manoman ƙasar Yarbawa suka shiga noman irin goron Gwanja, har fatake suka koma saye a Agege da Shagamu da Ibadan. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta 'yan kwanaki, aikin madugu da jagaba ya ƙare.

Duk da haka tsarin maigida da yaro bai mutu ba. Turawa sun so manoman Kano su noma auduga, amma farashin gyaɗa ya fi, sai manoma suka karkata gare ta. Hogendorn (1978) ya nuna cewa fataken goro, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, su ne suka zama tsani tsakanin kamfanonin Turawa da manoma. Kamfani ya ba attajiri kuɗi, attajiri ya raba wa yaransa, yara su shiga ƙauyuka su sayo gyaɗa. Baturen kamfani bai san ƙauyukan ba, kuma ba shi da wanda zai amince wa da jakar kuɗi. Attajirin kuwa yana da yaran da ya riga ya jarraba. A nan za a ga cewa abin da ayari ya koyar ya fi ayarin kansa daɗewa. Ko bayan da fari da cutar gyaɗa suka rushe dalar gyaɗa a tsakiyar shekarun 1970, yaron shago a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau matakan nan yake bi: shara da ɗauko kaya, sai tsaron shago, sai riƙe kuɗi, sai zuwa sari, sannan sallama.

3.6 Raunin Tsarin

Rauni na farko shi ne rashin wa'adi. Babu ranar da aka yanka ta sallama, babu kuma adadin jarin da aka rubuta. Komai ya rataya ne a kan adalcin maigida. Idan ya zama mai maƙo, yaro yana iya tsufa a bakin shago. Idan ya rasu kafin sallama, yaron da ba ɗansa ba ba shi da rabo a gado, sai abin da magada suka ga dama. A nan tsarin ya bambanta da na 'yan kasuwar Ibo, waɗanda sukan yanka shekarun bauta tun farko a gaban iyayen yaro. Wannan rashin tabbas yakan sa wasu yara su fara taɓa kuɗin shago da sunan tanadi, amana ta lalace ta kowane ɓangare.

Rauni na biyu shi ne cuɗanya dukiyar kasuwa da ta gida. A aljihu ɗaya ake cire kuɗin sari da na cefane da na biki, lissafi kuma yana kan maigida. Idan ya rasu aka raba gado, sai kasuwar ta watse, basussukan da shi kaɗai ya sani su bi ruwa. Rauni na uku shi ne ƙofar shiga ba a buɗe take ga kowa ba. Wanda ba shi da dangi ko mai tsaya masa yakan sha wuya kafin ya sami ubangida. Mata kuwa, duk da cewa su ke ba da darasin farko, yawancinsu adashi da kayan ɗaki ne tushen jarinsu.

Gwamnati ta yi yunƙurin cike wannan giɓi. Bayan ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986 aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda ta riƙa tura matasa koyon sana'a a wurin masu sana'a. A 1989 aka kafa Bankin Al'umma don ba talakawa ƙananan rance, a 2003 kuma aka yi dokar kafa Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i. Waɗannan hukumomi sun buɗe ƙofa ga wanda ba shi da ubangida. Amma duk shirin da ya miƙa jari bayan horon 'yan makonni ya juya tsarin gargajiya ne, domin ya fara da abin da maigida yake ƙarewa da shi, kuma babu mai bin sawun wanda aka ba.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an bi diddigin yadda ake koyon fatauci a ƙasar Kano, daga talla da aike, zuwa bin ayari, zuwa ƙiradi da sallama. An ga cewa maigida ba ya sakin dukiyarsa sai ya ga yaro ya san haja kuma ya iya riƙe riba. An ga yadda Alhassan Ɗantata, wanda ya tashi maraya kuma yaƙi ya ci abin da ya rage masa, ya dogara da wannan tarbiyya ya sauya daga jaki zuwa jirgin ruwa, daga goro zuwa gyaɗa. An kuma ga cewa rashin wa'adi da rashin rubutu su ne suke cutar da yaro da kasuwar baki ɗaya. Saboda haka gyaran da tsarin yake bukata shi ne a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a yanka shekaru da kason yaro, a raba asusun shago da na gida, ba tare da an zubar da jarrabawar amana ba. Babi na gaba zai dubi hanyoyin samun jari da kansu, wato adashi da rance da ƙiradi, da yadda shigowar bankuna ya shafe su.